Mai Tace Laka a Tafkin Gozaki

Kwana bakwai da zazzaɓi ya ɗauke abokina Maiwada, na zo tafki da gwangwanin kananzir, in zuba wa sauro yadda duba-gari ke yi.

Ga wani dattijo da ban sani ba a tsugune, wando a naɗe, yana tace laka da rariya. Ƙwari masu kama da sauro sun taru a kansa kamar hayaƙi, ko korarsu ba ya yi. Da gani masunci ne, ruwa ya cinye masa farce.

"Malam, ƙwarin nan ba sa cizo," in ji shi, yana nuna mini jajayen tsutsotsi a rariyar. "'Ya'yansu ke nan, abincin kifi. In ka zuba, tafkin ka kashe."

Na miƙa hannu cikin ƙwarin. Suna sauka, suna tashi, ba wanda ya cije ni.

Kananzir ɗin na kai wa mahaifiyar Maiwada, ta zuba a fitila.