Kunya Biyun da Kabiru Ya Keɓe

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar ƙanena Kabiru, kuma har yau akwai kusurwa ɗaya a lambunmu na Saji da ba na son juya wa baya.

Kabiru malamin kimiyya ne a jami'a, ni kuwa tumatir kawai na sani. Wata shekara ya keɓe kunya biyu, ya bar tumatirin da ya kamu da ciwon nan mai sa ganye dabbare-dabbare, wanda kowane manomi ke tugewa ya ƙone. Wai ƙwayar cutar siririya ce, ido ba ya ganinta. In an wargaza ta, da kanta take sake haɗuwa. In aka lulluɓe ta da ƙarfe, sai ta zama wayar lantarki wadda silin gashi ya fi ta kauri nesa ba kusa ba.

Na ce, "To, wa ke jera gutsattsarin nata?"

Ya yi dariya. "Ba kowa, Yaya. Haka Allah Ya yi su, kowanne ya san mazauninsa."



Da ciwon ya ɓulla a lambun maƙwabcinmu Malam Iro, gari ya ɗauka Kabiru na kiwon annoba. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Ban jira shi ba, na tuge tumatirin na cinna wuta. Ya zo ya tsaya kan tokar, bai ce uffan ba. Sati uku tsakani ya rasu a haɗarin mota. Ban nemi gafararsa ba, kuma abin na cina.

Yanzu 'yarsa Zainab, mai karatun injiniya, ta ce masana na ta ƙoƙarin gina na'urori da irin ƙwayar cutar nan. Da yana raye me zai ce? Ba zai yi mini gori ba. Shirun nan dai zai sake yi.

Gara ta cinye littattafansa. Amma duk shekara, a kusurwar da ban ƙara shuka komai ba, tumatir na fitowa da kansa, dabbare-dabbare. Na ƙone, na huɗe, a banza. Zainab ta ce iri ne ya saura a ƙasa. Na ji. To wa ke jera shi kunya biyu?

Bana ma ya fito. Dole in tuge kada ciwon ya kama lambun Malam Iro, yana da iyali. Sai dai na fara tsugunawa na ce, "Kabiru, ka yafe mini," na tsinki ganye ɗaya na kai wa Zainab. Ta ɗaga shi wajen haske, ta karkata kai, ta rufe idon hagu, sak yadda ubanta ke yi. Tana goye ya rasu. Allah Ya jiƙansa.