Uwaisu Ɗan Mati Maƙeri da Sanarwar Ƙarfen Sama

Ranar Laraba, 12 ga Yuli 2023, ina tankaɗe, Falta matar ƙanina Uwaisu ta bugo waya ta ce Allah ya yi masa cikawa. Ni yayarsa Sakinatu, ga abin da na riƙe na rayuwarsa.

Haihuwa da Karatu

An haife shi a 1971 a ƙauyenmu cikin ƙasar Shanono. Mahaifinmu Mati maƙeri ne, mahaifiyarmu Hussaina. Ya shiga firamare a 1978, ya zarce har jami'a, ya zama lauya a 1996.

Aure da Aiki

A 1999 ya auri Falta, suka zauna a unguwar Rijiyar Zaki cikin birni, yana koyar da dokar ƙasa da ƙasa a jami'a. Ɓangarensa shi ne na'urorin da ake harbawa sama masu aiki da makamashin nukiliya. Ya gaya mini cewa a 1978 wata ta tarwatse a kan Kanada, kuma a 1992 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara cewa in irinta za ta faɗo, mai ita ya sanar da ƙasashen da abin zai shafa. Damuwarsa, sanarwar tsakanin gwamnatoci take, alhali gubar da ke jikin ƙarfen na'urar ba a ganinta, ba a jin warinta.

"Yaya, mutanenmu ba sa wuce ƙarfe," in ji shi. "Kafin takarda ta baro ofis, an ƙera shi fartanya."

Shekarun Ƙarshe

Daga 2019 ya duƙufa rubuta gargaɗi da Hausa kan irin wannan ƙarfe, domin a karanta a rediyo da masallatai. Ni yake karanta wa. In na ce ban gane ba sai ya soke, yana dariya, wai na fi malamansa tsanani. Ya kai takardar ofisoshi uku, aka ce ana dubawa.

Rasuwa

Ciwon ƙoda ya ɗauke shi yana da shekara hamsin da biyu. An sallace shi bayan la'asar, aka binne shi a makabartar ƙauyenmu. Ya bar 'ya'ya uku: Ja'afaru, Ramlat da Abdulhadi. Allah ya jiƙansa.

Har yau ba a karanta gargaɗin ba, amma na haddace shi. Kullum da hantsi nakan leƙa maƙerarmu, wadda ɗan baffanmu Zubair ke riƙe da ita, in duba tarin ƙarafan da aka kawo. Wanda ban gane ba, ba ya shiga wuta sai an gaya mini inda aka tsince shi.