Duwatsun Bayan Rumbu

Jiya na iske 'yata tana jera duwatsu a gindin furanninta. Na ce, "Daga ina kika kwaso su?" Ta yi ta dariya.

Ina amarya a Tamaske, bayan samun 'yancin kai da kaɗan, ruwan sama ya riƙa kwashe mini ƙasar ɗan lambun yakuwata. Na ga duwatsu biyar a bayan rumbu, na kwaso na tare.

Da la'asar surukata ta tsaya a kaina.

"Amarya, ina kinka ɗauko waɗanga?"

"Bayan rumbu, Inna. Ba su da mai su."

"Akwai mai su. Shina kwance nan."

Ashe ɗanta na fari ne, ya rasu yana jariri. Kunyar ɗan fari ta hana ta ko nuna kabarinsa. Ni kuwa cikina wata bakwai.

Na mayar da su, na kasa gane gurbinsu. Ta durƙusa ta ajiye kowanne inda yake, ba ta ko lalube ba.

Har yau ba na ɗaga dutse sai na tambaya. Ku ma akwai irin wannan lungu a gidanku?