Kofin Inna Mai Jan Farce

Ni na ɗiga wa kofin Inna jan farce. Gara in faɗa tun yanzu, don abin ya daɗe yana ci na.

A gidanmu na unguwar Sauka Kahuta tire ɗaya muke ci, Inna mahaifiyata da ni da ƙannena biyu. Ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta faɗa. Sai dai ana cikin cin tuwo ta turo mini tsokar nama da ɗan yatsa, tana kallon wani wuri.

Shekarar da na zo gida wankan jego wasu ƙuraje suka feso mata, ƙanana, jaja-jaja, a ƙasan ido da kumatu. Ba ƙaiƙayi, ba zafi, kuma sun ƙi tafiya. Wata maƙwabciyarmu mai shara a asibiti ta leƙa fuskar sau ɗaya, ta ce tarin tibi ne ya fito ta fata. Kai jama'a! Mai tsintsiya ta zama likita, ni kuma na hau na zauna. Inna ko tari ba ta yi.

Tsoron kada jaririna ya ɗauka ya sa na ware mata kwano da kofi, na ɗiga musu jan farce a gindi. Tana kallona. Abin da ta ce kawai: "Kin kyauta, 'yar nan."

Aka ɗauki hoton ƙirji, aka gwada kaki, har fatar aka ɗan yanka aka duba. Likita ya ce ciwon ba kasafai ake ganinsa ba, kuma an daɗe ana gardama ko yana da alaƙa da tibi, amma ita ba a ga ƙwayar a jikinta ba.

Muna dawowa na tuƙa tuwo, na dire tire. "Inna, matso."

Ta jawo kwanonta. "Ai kin ji shi, ana gardama. Ku ci abinku, akwai jariri."

Na yi faɗa, na yi kuka, na kankare jan farcen da wuƙa. Ta ci gaba da gane kofinta da kankarar. Ƙurajen suka baje, suka bar 'yan ramuka, amma Inna ba ta ƙara sa hannu a tirenmu ba har Allah ya karɓi abinsa.

Wallahi ina kewarta. Da kofin nake shan ruwa yanzu. In muna cin tuwo nakan bar tsoka ɗaya a tsakiyar tire, har a gama ba mai turo mini ita.