Jirgin Nutson da Ya Tafi da Yaya Sabi'u

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sabi'u a dam ɗin garinmu, kuma har yau babu mutum ɗaya da ya tsaya a gabanmu ya ce laifinsa ne.

Yaya Sabi'u masunci ne, kuma gwanin nutso. Duk wanda ruwa ya ci daga Kazaure har Roni, shi ake aika wa ya zo ya fito da gawa. Mutum ne mai son dariya da son ganin sabon abu, kuma ta nan aka same shi.

Akwai wani mai walda, Haladu, abokinsa tun suna yara. Shi ya sami tsohon tankin mai ya yanke shi, ya sa masa gilashi da kujera ɗaya, ya ce jirgi ne mai tafiya a ƙarƙashin ruwa. Gari ya ɗauka. Manya suka zo suka ɗauki hoto da shi, aka yi ta yabon fasahar ɗan gida. Daga baya wani Alhaji mai lambu a bakin dam ya saye shi, da niyyar ya riƙa saka masu yawon Sallah. Kafin nan sai an gwada, kuma duk garin wa za a kira in ba Yaya ba?

Matarsa Hajara ta roƙe shi kada ya shiga. Ya yi dariya, ya ce shi da ya saba sauka ƙasan dam da numfashinsa kawai, yau ga shi za a kai shi a zaune kamar gwamna.

Abu biyu ne bai sani ba, ko kuma ya sani bai ɗauke su da nauyi ba. Murfin jirgin daga waje ake ɗaure shi, na ciki ba shi da hanyar buɗewa. Sannan sarƙar da ya kamata tarakta ta ja jirgin da ita, Alhaji ya musanya ta da igiya, saboda taraktar tana gona ranar. Igiyar ta tsinke a gaban jama'a da rana tsaka. Masunta suka faɗa ruwa, amma babu mai zurfin nutsonsa a cikinsu. Sai washegari aka jawo tankin.

'Yan sanda sun kama Haladu da Alhaji, kafin a yi sadakar uku duka an ba da belinsu. A kotu Haladu ya ce shi ya sayar, abu ya bar hannunsa, kuma ya gargaɗi mai saye cewa kada a saka shi a ruwa babu sarƙa. Alhaji ya ce ba a taɓa faɗa masa haka ba, kuma ba shi ya ƙera murfin da ba ya buɗuwa daga ciki ba. Lauyoyinsu biyu sun saɓa a komai, amma sun haɗu a kan magana ɗaya: marigayi baligi ne, ya san ruwa, da ƙafarsa ya shiga. Da muka tambayi wace hukuma ce ta duba jirgin kafin a sayar, aka ce babu, domin babu ofishin da aka ɗora wa duba irin wannan abu. Manyan da suka ɗauki hoto kuwa ko gaisuwar mutuwa ba su aiko ba.

Aka yi ta ɗage shari'a har damina ta zagayo. Sai dattawan unguwa suka fara sintiri a zauren Baba, suna cewa kwana ne ya ƙare, ga zumunci, ga maƙwabtaka. Baba ya tsufa, ya gaji da hawa mota zuwa kotu. Ya ce ya yafe. Ba a tambayi Hajara ba, ni ma ba a tambaye ni ba.

Bara wata ƙawata ta turo mini bidiyo a waya. Haladu ne, ya ƙera sabon jirgi, an shafe shi da shuɗin fenti, matasa daga Babura har da na tsallaken iyaka sun yi cincirindo suna kallo. Na je shagonsa na same shi. Ya miƙe ya gaishe ni da ladabi, ya nuna mini cewa wannan karon murfin yana buɗuwa daga ciki.

Na ce, "Malam Haladu, ashe ka san yadda ake yi."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, bayan abin ne na gane."

Wato da ran yayana ya koyi sana'arsa, yanzu kuma yana neman mai saye. Har yau babu wanda zai duba kafin ya sayar, babu wanda zai amsa idan wani ya sake maƙalewa a ciki.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga bidiyon nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san amsar. Zai yi murna, zai yaba wa abokinsa, wataƙila ma ya nemi a ba shi ya gwada. Bai iya zargin mutane ba, kuma wannan halin nasa suka ɗauka suka kare kansu da shi a gaban alƙali.

Baba ya bi shi bayan shekara biyu. Hajara tana suyar kifi a bakin kasuwa, kifin da take saye a hannun wasu. 'Ya'yan Yaya mata biyu sun girma, suna da irin dariyarsa, kuma wannan kaɗai ya rage mana. Allah Ya jiƙansa, Ya sanyaya makwancinsa.

Idan aka tambayi yaran me ya kashe babansu, sai su ce ruwa, domin haka aka koya musu. Ni nakan gyara musu. Ruwa bai ƙera komai ba, bai sayar da komai ba, bai kuma cire sarƙa ya sa igiya ba.