Labarin Da Ya Ƙi Goguwa

Ɗan'azumi taubashina ne, don haka ina da izinin faɗar gaskiyarsa ko da ransa bai so ba. Shekara talatin ya yi yana masinja a Birnin Kudu, yana yawo da takardun mutane daga ofis zuwa ofis, bai taɓa rubuta ko guda ba. Yana yin ritaya sai ƙaiƙayin rubutu ya kama shi. Ya sayi babbar waya, ya buɗe shafi a intanet, ya riƙa hawa tsohon babur ɗinsa daga Surko har Gwaram yana tsintar labari: farashin gero, kwalbatin da ruwa ya ci, shanun da suka shiga gonar wani. Na ce masa gulma ce kawai ta samu lasisi. Masu karanta shi a lokacin ba su wuce mu 'yan majalisar hirarmu ba, mu ɗin ma don mu samu abin tsokana ne.

Zulkifli mai gyaran waya a bakin tasha ne ya buɗe masa ido. "Baba, akwai manhajoji masu tattara labarai," in ji shi. "Ba mutum ba ne, inji ne. Duk bayan 'yan mintoci yana zagaya shafuka kamar mai kwasar ƙwai a akurki, in ya tarar da sabo ya ɗauka ya kai wa masu karatu. In kana so sai in buɗe masa ƙofa a naka."

Ya buɗe. Cikin wata guda labarin Ɗan'azumi ya kai Kano, ya kai Legas. Sau da yawa ba sunansa a jiki, amma ko a jikinsa. Tafiyarsa ma ta canza, hular nan sai da ta karkace.

Da damina aka yi walimar sauka a wani ƙauye na Sundimina. Kafin la'asar mutane sun fara amai da gudawa, aka yi ta jigilarsu zuwa asibiti. Ɗan'azumi na bakin ƙofa da wayarsa. Wani ya ce ai duk sun sha kunun aya, wani ya ce na Batulu ne. Batulu kuwa kowa ya san ta, shekara ashirin tana kunun aya da zoɓo, ba a biki ko suna a yankin ba tare da robobinta ba, da su ta riƙe marayunta huɗu. Mutumin naku bai tambayi likita ba, bai nemi matar ba. Yana tsaye ya rubuta cewa kunun Batulu ya kwantar da mutum talatin, ya haɗa da hotonta da ya taɓa ɗauka a kasuwa tana dariya. Minti goma bai cika ba injin ya zo ya ɗauka.

Bayan kwana biyu ma'aikatan lafiya suka gano rijiyar gidan walimar ce ruwan kwata ya shiga. Har waɗanda ba su ɗanɗana kunun ba sun kwanta. Ɗan'azumi ya gyara labarin, ya zauna yana jiran injin ya dawo.

"Ba zai dawo wa wannan ba, Baba," in ji Zulkifli. "Kowane labari da lambarsa. In ya ga lambar da ya riga ya ɗauka, wucewa yake."

Ɗan'azumi ya goge labarin gaba ɗaya daga shafinsa. Na wajen mutane bai motsa ba, don wasu injinan sun kwasa daga na farko, wasu kuma daga na biyu. Ya rubuta sabo, ya wanke Batulu tas, ya ba ta haƙuri da manyan baƙaƙe. Wannan an ɗauka, amma wa zai tura wa ɗan'uwansa labarin rijiya? Ya aika saƙo ga shafuka goma sha bakwai, ni na taya shi gyara Turancin. Uku suka amsa nan take da godiya iri ɗaya, harafi bai bambanta ba, kuma ba ka bukatar boko ka gane ba mutum ne ya rubuta ba. Ni abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da mutum ne da mun tara dattawa mun je gidansa.

Ya bi kasuwanni da bakinsa yana faɗa. Mutane su saurare shi, su ce Allah ya kyauta, sannan wani ya zaro waya ya ce, "To amma Malam, ga shi a jaridu har biyar." Rubutunsa ne yake ƙaryata shi, kuma ya fi shi shaidu. Duk damina in an ambaci amai da gudawa, sai hoton nan ya sake tasowa a ƙasan sabon labari, Batulu tana dariya.

Ya rufe shafin. Hular ta miƙe. Ni ma na daina tsokanarsa, don ba daɗi a tsokani mutumin da ba ya ramawa.

Bana muka je Gwaram tare, inda muka ji Batulu ta koma wurin yayanta. Mun same ta a ƙofar gida tana ƙulla gawayi a leda. Ɗan'azumi ya durƙusa a gabanta da furfurarsa. Ta ce, "Tashi Malam, ai na yafe tuntuni. Gawayi dai ba a cinsa, kowa na saye hankali kwance."

Ta shiga ciki ta fito da kunun aya a kofi biyu, ta ce na yaranta ne ta yi. Ta tsaya a kanmu har muka shanye. Wallahi ban taɓa shan mai daɗinsa ba, na kuma faɗa mata.

Ta karɓi kofunan, ta leƙa cikinsu ta ga ba saura.

"Shekara uku ke nan," in ji ta, "ku ne baƙin farko da suka sha abu daga hannuna."