Bisa Benci, Bakin Ɗakin Jarirai

Jikata ba ta daɗe a duniya ba cibiyarta ta kumbura, jikinta ya yi zafi, ta daina kama nono. Tun ranar da anka haife ta malamar asibiti ta ba uwarta maganin shafawa a cibi, ni kuwa na ɗauke shi, na ce a gasa cibi da tsumma mai zafi a shafa man shanu, yadda anka yi muna a ƙauyenmu Marnona.

Da munka kai ta asibiti, anka shige da ita da uwar, anka bar ni bisa benci da ɗana, uban yarinyar. Malamin makaranta ne. Bai dube ni ba, sai allon da ke bisa ƙofa.

Na ce, "Mi anka rubuta can?"

"Niyonatal, Inna. Turanci ne, amma niyo ɗin daga Girkanci ya fito, ma'anarshi sabo. Sabon haihuwa ke nan."

Ya ci gaba da bayani. Wai fitilar nan mai launi ta shagunan birni, niyon, ita ma daga can take. Wanda bai daɗe da shiga sana'a ba, niyofayit. Na gane kalmomi yake jerawa don kada bakinshi ya faɗa mani abin da ke ranshi.

Na ce, "Ni na hana maganin."

"Na sani, Inna."

Bayan la'asar malamar ta leƙo, ta ce yarinya ta kama nono, amma za su riƙe ta tukuna. Sai lokacin ɗana ya juyo, ya miƙo mani ruwa. Tun ranar, in anka haihu a unguwarmu, barka kawai nake zuwa yi.